Makullin Gwaggo da Ayabar Dala Miliyan Shida

A watan Nuwamba na 2024 labarin wata ayaba ya zagaye wayoyin mutane a Sakkwato. An manna ta da salatif a jikin bango, aka yi gwanjonta a Niyok, wani attajiri mai harkar kuɗin kirifto, Justin Sun, ya saye ta a kan dala miliyan 6.2. Bayan 'yan kwanaki ya tara 'yan jarida a Hong Kong, ya ɓare ta ya cinye. A majalisar da muke zama bayan la'asar babu wanda bai tofa albarkacin bakinsa ba, kuma bakin kowa ya zo ɗaya: kuɗi ne suka yi wa mutanen nan yawa. Ban musa ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mai teburin kayan marmarin da aka sayi ayabar a wurinsa, a bakin titi kusa da gidan gwanjon, ko dala ɗaya bai karɓa a kanta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga yawancinmu wannan ayaba ce karon farko da muka ji labarin wani babban reshe na fasahar zamani, kuma mun fara ganinsa ne ta inda ya fi muni. Wanda ya tsaya a nan zai yi zaton duk harkar wasan masu kuɗi ce, alhali a cikinta akwai ayyukan da suka ɗauke wa al'ummu nauyin baƙin cikin da baki ya kasa furtawa.

Zan kira wannan reshe sassaƙar ma'ana. A sassaƙar da muka gada, masassaƙi kan ɗauki gungume da gizago ya fitar da turmi ko akushi ko kujerar mata, a yaba masa gwargwadon kyan hannunsa. A sassaƙar ma'ana kuwa tunanin ne kan gaba. Abin da ido zai gani yana iya zama kayan da aka sayo a kasuwa, ko aka tsinto a bola, ko aka roƙo daga hannun masu shi. Aikin mai fasahar shi ne ya zaɓi abin, ya raba shi da amfaninsa na yau da kullum, ya ajiye shi a wuri da yanayin da zai tilasta wa mai kallo ya tsaya ya yi tunani. Shi ya sa cin ayabar bai rage wa attajirin nan komai ba. Abin da ya biya kuɗi a kai takardar shaida ce daga mai aikin, Maurizio Cattelan ɗan Italiya, tare da bayanin yadda za a manna wata sabuwa duk lokacin da ta bango ta ruɓe.

Masana kan kai tushen abin zuwa 1917, lokacin da Bafaranshe Marcel Duchamp ya sayo kwanon fitsari irin na bayan gidan Turawa, ya kwantar da shi, ya rubuta sunan ƙarya a jiki, ya aika wa wani baje koli a Niyok. Masu shirya bajen suka ƙi nuna shi. Tambayar da ya jefa ce ta rayu bayansa: mene ne ke mayar da abu fasaha, hannun da ya ƙera shi, ko idon da ya zaɓe shi, ko ɗakin da aka ajiye shi? A 1965 Joseph Kosuth ya jera kujera ta gaske, da hotonta, da bayanin kalmar kujera daga ƙamus, ya bar mai kallo da neman wacce ce kujerar a cikin ukun. Waɗannan ayyukan farko muhawarar masu fasaha ce a tsakaninsu, kuma ni a ganina sun fi motsa ƙwaƙwalwa fiye da zuciya. Waɗanda suka biyo baya daga ƙasashen da suka sha wuya su ne suka ɗauki dabarar suka zuba mata jini da hawaye.

Kafin in kai gare su, akwai abin da nake son Basakkwace ya lura da shi: karanta ma'ana a jikin kaya ba baƙon abu ba ne a garin nan. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya na da ya ga jere. Kwanonin samira da tasoshi da kwalla ne a jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, babba a ƙasa ƙarami a sama, ana goge su suna ƙyalli, kuma yawancinsu har su tsufa ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Kwano ne da aka raba shi da aikin kwano. Matan da suka shigo ganin ɗaki suna karanta shi kamar wasiƙa: shekara nawa uwar yarinyar ta yi tana tari da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi, su wane dangi suka tsaya mata, wane irin gida ta fito. Yarinyar da jerenta ya gaza takan ji ciwon abin shekaru, duk da cewa kwanon da take cin abinci bai rasa ba. Ga ji a zuciya, ga matsayi a cikin jama'a, duk a jikin tasa.

Misalin da ya fi wannan nauyi yana cikin tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan ƙauyuka. Kowace ƙungiya tana da shugaba, jaji, wadda ke jagorantar mata su zo wurinta su ɗauki karatu su koma da shi. Alamar jaji ita ce malfa, a naɗe da jan rawani. Masana tarihin Daular Usmaniyya sun nuna cewa malfa tana cikin alamun Innar Gobir, babbar mace a fadar Gobir kuma shugabar masu bori. Nana Asma'u ba ta ƙona malfa ba, ba ta kuma hana ta ba. Ta ɗauke ta daga inda mata suka saba ganinta da kwarjini, ta ɗora a kan malamar da ke koyar da tsarki da salla. Matar ƙauye da ta hango malfar nan tafe ta san cewa iko ne ke zuwa, kuma ta san ikon ya sauya gida. Ban ce 'yar Shehu ta zauna da niyyar yin fasaha ba, niyyarta karantarwa ce. Amma dabarar ɗaukar abu sananne a juya ma'anarsa ta hanyar sauya masa mazauni ita ce dai wadda masu sassaƙar ma'ana ke tutiya da ita a yau. Haka tutar da Shehu ya riƙa bai wa jagororin jihadi: ƙyalle ne, amma wanda ya karɓe ta ya karɓi izini da amana da ƙasa guda.

To, ga maganar da kowa ke jira a Sakkwato idan aka ambaci sassaƙa, wato addini. Da an ce mutum-mutumi sai zuciya ta tafi ga gunki, kuma tana da dalili. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu suranta abu mai rai ingantattu ne, kuma malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a kan sura cikakkiya, mai inuwa, ta abu mai rai. A cikin Buhari da Muslim kuma akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce sana'arsa ke nan, da ita yake ci, sai ɗan Abbas ya ce masa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Yanke hukunci aikin malamai ne. Abin da ni zan iya nunawa shi ne, mafi yawan sassaƙar ma'ana ba ta bi ta kan sura ko kaɗan. Ta ma fito ne daga ƙosawar masu fasaha da kwaikwayon siffar mutum a dutse da tagulla.

Dubi aikin Ahmed Mater, likita ɗan Saudiyya da ya koma fasaha. Ya ɗauki ɗan ƙaramin maganaɗisu baƙi mai kusurwa huɗu, ya ajiye a kan farar shimfiɗa, ya barbaɗa garin ƙarfe kewaye da shi. Ƙarfin maganaɗisun ya ja ɓarɓashin nan dubbai suka yi da'ira a kewayensa, na kusa sun miƙe tsaye sun cunkushe, na nesa sun kwanta sun yi sako-sako. An nuna shi a baje kolin aikin Hajji da gidan tarihin Birtaniya ya shirya a Landan a 2012. Babu fuska a ciki, babu hannu, babu ƙafa. Amma duk alhajin da ya taɓa leƙo mataf daga bene zai gane abin da yake kallo tun kafin a yi masa bayani, kuma zai ji abin nan da ke jan mutum ya shekara goma yana tara kuɗin kujera. Aikin ya ƙara da wani abu da hoton ɗawafi ba ya iya nunawa: ƙarfin da ke juya taron ba a ganinsa da ido. Tun daga 2023 ma ana shirya babban baje kolin fasahar Musulunci a Jidda, a harabar saukar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, kuma ayyuka irin wannan suna cikin abubuwan da ake nunawa.

Amma akwai wata damuwa da ta fi batun sura zurfi, kuma ban ga amfanin kauce mata ba. Ɗan Abbas ya ruwaito cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu sunayen mutanen kirki ne. Da suka rasu aka kafa alamu a wuraren zamansu don tunawa da su, ba a bauta musu ba sai da wannan tsara ta shuɗe, ilimi ya gushe. Ke nan haɗarin yana cikin abin tunawa kansa, idan aka ɗaukaka shi aka bar shi ya daɗe har aka manta dalilinsa. Wannan tsoro na gaskiya ne. Abin mamaki, mai fasahar da na ga ta fi kowa ɗaukarsa da muhimmanci ba Musulma ba ce.

Sunanta Doris Salcedo, 'yar ƙasar Kolombiya, ƙasar da ta shafe fiye da shekara hamsin cikin yaƙi tsakanin gwamnati da 'yan tawaye da 'yan bindiga. A can ma mutum kan fita gona ko kasuwa ya ɓace, babu gawa, babu kabari, iyali su rasa ko za su yi zaman makoki ko za su ci gaba da jira. A farkon shekarun 1990 ta riƙa zama da irin waɗannan iyalai tana sauraronsu, wasu suka ba ta takalman waɗanda suka ɓace, yawanci na mata. Ta haƙa 'yan ramuka a jikin bango kamar alkuki, ta sa takalman a ciki, ta rufe bakin kowane rami da tantanin mafitsarar saniya, ta ɗinke da baƙin zaren da likitoci ke ɗinke rauni. Wanda ya tsaya gaban bangon yana hango takalmin dishi-dishi, ya ga inda dunduniya ta cinye shi, amma ba ya iya taɓawa, ba ya kuma iya gani sarai. Haka wanda aka sace yake a zuciyar uwarsa. Duk lokacin da na tuna aikin nan sai dukawan unguwar Madunka su faɗo mini a rai, don tantani da zare da basilla kayan aikinsu ne na kullum, kuma babu abin da ta yi da hannunsu ba zai iya ba.

Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2016, 'yan tawayen FARC suka miƙa makamansu, aka nemi ta yi abin tunawa da ƙarfen. Ta ƙi gina hasumiya, ta ce bindiga ba ta cancanci a ɗaga kai a kalle ta ba. Aka narka tan 37 na makamai aka yi daɓe da su, wato falankan ƙarfe da aka shimfiɗa a ƙasan wani gini a Bogota, aka buɗe a 2018. Matan da aka yi wa fyaɗe a lokacin yaƙin su suka zo suka yi ta dukan fallayen da aka yi zubin a kansu da guduma, kwana da kwanaki, har kowane falanki ya fito da tabon dukansu. Yau duk wanda ya shiga wurin, manomi ne ko janar, a kan bindigogin yake tafiya. Abin da ake takawa da takalmi ba ya zama abin bauta. Mozambik ma ta yi makamancin haka: bayan yaƙin basasarta, wani shiri da Bishop Dinis Sengulane ya fara a 1995 ya riƙa karɓar bindigogi yana bayar da keken ɗinki da garma da kekuna, masu fasaha kuma suka yanyanka bindigogin suka ƙera abubuwa da su, har da wata kujerar mulki da aka yi a 2001.

A maƙwabtanmu ma akwai masu yi. El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, yana tara marafan kwalaben giya dubbai, a daddake su a ɗinke da wayar tagulla, su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bango. Daga nesa sai ka ce alkyabbar sarki, sai ka matso ka ga shara ce, ka kuma tuna cewa giya tana cikin hajar da Turawa suka riƙa musaya da bayi a gaɓar teku. Ibrahim Mahama na Tamale kuwa tsofaffin buhunan algarara yake karɓa daga 'yan kasuwa, waɗanda suka ɗauki koko, suka koma ɗaukar hatsi, suka ƙare a gawayi. Yakan sa a ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine da su, da sunayen fatake da faci da zufar 'yan dako duk a jiki. Wanda ya san Kasuwar Kara ya san irin buhun nan, ya san kuma wuyan da ke ɗaukarsa.

Ba na ɓoye cewa harkar tana da nata cututtuka. Tana buɗe ƙofa ga malalaci ya ajiye duk abin da ya ga dama ya lulluɓe shi da dogon turanci. Kasuwarta tana hannun 'yan tsirarun attajirai da gidajen gwanjo na Turai da Amurka, kuma sau da yawa wahalar talakan Afirka ce ake kwasa a kai can a sayar, shi ko labari bai ji ba. Mu a nan mun riga mun ɗanɗana irin wannan. Kawunan yumɓu masu shekaru aru-aru da aka haƙo a ɓoye daga ƙasar yankin nan suna yawo a kasuwannin waje da sunan Sakkwato, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar wawaso a shekarar 2000. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. Idan aka cire takardar bayani, aka kawo mutumin da abin ya shafa ya tsaya gaban aikin, zai ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa? Ayabar bango ta faɗi wannan jarrabawa. Takalman Salcedo sun ci, kuma iyalan masu takalman ne suka miƙa su da hannunsu.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na zauna rubuta ta yana rataye a wani ɗaki a gidanmu. Shekarun nan gabashin jihar nan ya ga abin da bai taɓa gani ba. A Oktoban 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. A Disambar shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Tsakanin waɗannan da aka ji, akwai ƙauyuka da yawa na Isa da Rabah da Sabon Birni da suka watse ba tare da sunansu ya shiga rediyo ba. Muna yin addu'a, muna cewa Allah ya kyauta, kuma addu'a ita ce gaba da komai. Amma bayan kwana uku wani labarin ya danne wannan, adadi ya hau kan adadi, har mutum ya ji an ce talatin bai ajiye cokalinsa ba. A duk faɗin birnin nan babu wani ɗaki da ɗan makaranta zai shiga ya ga girman abin da idonsa. Gidan tarihi na Waziri Junaidu yana adana mana takardu da kayan ƙarni na 19, kuma ya kyauta. Na wannan zamanin fa, wa ke tattara su?

Gwaggona tana cikin waɗanda suka baro ƙauye da dare. Ta iso mana da zanen jikinta da jikoki biyu, sai wani makulli ɗaure a haɓar zane, irin na kwaɗon nan mai arha. Daga baya labari ya zo cewa an cinna wa shiyarsu wuta, ɗakinta ko ƙyaure bai rage ba. Duk da haka ta sami ƙusa a bangon ɗakin da aka sauke ta, ta rataye makullin da jan zare, daidai inda idonta zai sauka in ta idar da salla. Wata rana ina gyara mata fitila na ce, "Gwaggo, wanga makulli da ba shi da ƙohwa, mi za ki yi da shi?"

Ta ɗan jima ba ta tanka ba. Sannan ta ce, "Bar shi nan, ɗana. Ran da munka koma, da mi za ni shaida ma yaran ga nan na gidansu?"

Tun ranar nake lissafin makullai nawa ne irin wannan a Sakkwato, a haɓar zane da aljihun 'yar shara da ƙasan jakar buhu, a kangaye da gidajen dangi inda 'yan gudun hijira ke fakewa. Ina hango ɗaki guda, farin bango, a rataye su da zare ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan ƙauyensa a rubuce da ajami da boko, a daidai tsayin idon yaro. Babu sura, babu wanda aka ɗaukaka, kuma aro ne: duk wanda garinsu ya zauna lafiya ya zo ya kwance nasa ya tafi da shi, ƙusar ta zauna babu komai. Na kai maganar wurin wani maƙeri a Maƙera Assada da muka saba, don in ji ko ƙusoshi dubu za su samu. Ya ajiye guduma ya saurare ni har na gama, ya ce ƙusa ba ta da wuya, a ba shi mako biyu. Sai ya tambaye ni ko masu makullan za su yarda su rabu da su ko da na wata ɗaya ne.

Da na dawo gida na tambayi Gwaggo. Ta ce za ta yi shawara da matan garinsu da ke zaune a Gidan Igwai, in sun yarda su bayar tare, ita ma ta bayar.